Ragowar Turmin Kande

Shekaranjiya ina zaune a gindin darbejiyar bakin titi, inda 'yan acaba suke jiran fasinja, sai ga Nura ɗan gidan Sule ya dawo daga Bici yana huci. An ba shi leda biyu, ɗaya ta gidan mai unguwa, ɗaya ta gidan liman. Wayarsa ta mutu a hanya, ya rasa wace ce ta wa. Leda biyu fa, jama'a! Na yi dariya har haƙorin nan nawa guda da ya rage ya ji sanyi.

Ya ce, "Baba Mati, daina dariya. Ku a zamaninku wane aiki kuka yi? Keke ne da buhu, a ɗora maka ka sauke."

Na ce, "Haka ne, ɗan nan. Tuwo ma ai gari ne da ruwa."

Sauran suka sa ihu, ya tayar da babur ya bar ni da hayaƙi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, sai da furfura ta fito na koye shi, saboda haka in kun ga harafi ya kwanta, ku tashe shi ku wuce.

Sana'ata ɗan saƙo. A da, da an gama girbi an kai kara gida, mazan ƙauyenmu da na kewaye sai su zube Kano ci-rani. Wani ga-ruwa, wani dako, wani faskare, wani yankan farce. Zaure guda suke kwana a Fagge, an jera su kamar rake. Duk wanda ya samu ɗan abin hannu sai ya aika gida: sabulu, manja, gishiri, ɗankwali, takalmin yaro. Ba mai rubutu a cikinsu, ba mai karantawa a gida. Mutum ɗaya ne zai karɓi ƙulli talatin ko arba'in, ya riƙe a kansa wane na wa, ya kai kowanne ƙofarsa. Wannan mutumin shi ne ni, ni da malaminmu na allo ya ce kaina kwando ne.

Bai yi ƙarya ba. Shekara shida na yi a gabansa ban wuce Sabbi ba. Gona kuwa, kun san yadda ƙasar nan take, gida na kallon gida, gona na taka gona. Da aka raba gadon babanmu tsakaninmu mu shida, abin da ya zo mini in na kwanta a ciki ƙafata tana gonar yayana. Sai kawuna ya kama hannuna, ina da gemu ya fara tsiro, ya kai ni wurin Baba Tanko mai jakai, wanda yake ɗaukar saƙo tun ba a haife ni ba. Ya ce, "Ga shi nan. Ba ya riƙe karatu, amma yana da ƙafa."

Baba Tanko ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Jakina ma ƙafa gare shi."

Dokarsa uku ce. Ba a ɗaukar kuɗi, kaya kawai. Ba a kwance ƙullin mutum, ko da kuwa motsi ka ji yana yi. Ta uku, in ka tsaya a ƙofar gida ba ka cewa "ina jin naku ne." Ya ce ranar da ɗan saƙo ya ce "ina jin," ranar ya zama jaki na uku.

Aikina na fari ni kaɗai, ƙulli tara ne. Na fito daga Fagge ina biya su kamar karatu: Ladidi manja, Bawa sabulu, Asabe kwalli, haka har tara, in koma farko. Bakina bai huta ba har na wuce Dawanau. Can sai na tarar da 'yan biki a bakin hanya, kalangu yana magana, wata yarinya tana juyi. Na tsaya kallo kamar na shan ruwa. Da na juya zan ci gaba, wallahi ko ɗaya babu. Sunaye tara suna nan, kaya tara suna nan, amma igiyar da ta haɗa su ta tsinke. Ran nan na kai wa Bawa maƙeri, ƙato mai gashin ƙirji, kwalli da jan-baki. Amarya Asabe kuma na kai mata garin taba. Har Bawa ya koma ga Allah, in ya hango ni sai ya lumshe ido ya ce, "Mati, ya yi mini kyau?"

Baba Tanko bai zage ni ba. Ya zaunar da ni a kan mangala, ya ce, "Suna da kaya baƙin juna ne. Ka jera su kawai kana maimaitawa, kamar ka zaunar da namiji da mace a mota ɗaya ne, ana isa tasha kowa zai kama gabansa. Aure ake ɗaura musu."

Shi da baki yake ɗaura nasa auren. Kowane mutum da kayansa sai ya ƙulla musu ɗan zance mai daɗin faɗa. "Ladidi mai kwaɗayi, manja har haɓa." "Bawa maƙeri, sabulu ya gan ka ya tsere." Yana tafe bayan jakai yana rera su daidai da takunsu, in ka hango shi ka ce wazifa yake. Na gwada irin tasa. Ta fi biyawa tsura nesa ba kusa ba, amma ni harshena ba na masu azanci ba ne. Kafin in ƙulla wa mutum na biyar zancensa, na farko ya zame.

Tawa dabarar ƙwan fitila ne ya koya mini ita, gilashin nan na fitilar ƙwai. Mijin Ladidi ya miƙo mini shi tsirara, ko takarda bai naɗe shi da ita ba, ya ce, "Ka kai mata, kada ka fasa." Ladidi kuwa mace ce da sai ta karkace take shiga ƙofar ɗaki. Ina riƙe da gilashin sai kawai na gan ta a ciki, an cusa ta, kumatunta sun manne, tana buga gilashin tana zagina in fito da ita. Dariya ta ƙwace mini a gaban mijinta, har ya ce lafiya? Na ce tari ne. Kwana biyu ina hanya, na manta rabin abin da na biya da baki, amma Ladidi tana nan cikin ƙwan fitila tana zagina.

Daga nan na gane kwandon nawa ba ya riƙe ruwa, amma yana riƙe kifi. Magana zuba take yi, hoto kuwa sai ya maƙale.

Amma ku ji, abin yana da ƙa'ida. Ba tsayar da mutum za ka yi kusa da kayansa ba, kamar masu ɗaukar hoton salla. Wannan ba ya kaiwa ko Dawanau. Sai sun kama juna. Ya ci shi, ko ya hau shi, ko ya sa shi a ka, ko abin ya cije shi. Bawa da sabulu: na sa shi yana gatsar sandar sabulu kamar rogo, kumfa na fita ta kunnuwansa. Mai unguwa da igiyar guga: na ɗaure shi da ita ta ƙugu na zura shi rijiya, rawaninsa na lilo. In ƙulli ne a ɗaure, tunda ba ka ganin ciki, sai ka aurar da mutum da abin da ke waje: jan tsumma, baƙin zare, facin buhu. Kuma iya rashin mutuncin hoton, iya zamansa. Allah Ya yafe mini, babu dattijon da ban tuɓe wa hula ba a cikin kaina. Abu na ƙarshe, da ka miƙa kaya a ƙofa sai ka saki mutum. Ka fito da Ladidi daga gilashi, ka jawo mai unguwa daga rijiya. In ka bar su, mako mai zuwa za su shigo maka cikin sabon kaya.

Da ƙafar Baba Tanko ta gaza, na sayi keke na gaji hanyar. Bawa ya ƙera mini kariya, wurin ɗora kaya a bayan keke, mai faɗi kamar gadon yara, ya ƙara ƙarfe biyu a gefe. Kayan aikina famfo, faci, sholisho, sifana guda, da igiyar roba da na yanko daga tsohuwar taya. In na gama ɗauri ba ka ganina ta baya, sai dai ka ga tsaunin kaya yana tafiya da ƙafa biyu. Alhamis in tafi, Juma'a da hantsi in kamo hanya, kafin la'asar ina rabo. Tun daga bakin gari ake jin ƙararrawata, mata su taso jikin danga.

Asirina bai daɗe a rufe ba, don bakina ba ya ajiya. Sai ka ji mace ta bayan danga tana cewa, "Mati, yau kuma a ina ka sa ni?"

In ce, "Yau a kan tulun manja kike, Iya, kina tuƙa shi kamar jirgi."

"Ɗan banza! Allah Ya shirye ka. Miƙo."

Akwai wani malamin makarantar boko da aka turo mana daga Bici, ya ji labari ya ce ƙarya ne. Ya tare mu a ƙofar masallaci bayan la'asar, ni da Baba Tanko, da takarda a hannunsa. Ya ce zai karanto kalmomi bibbiyu, in ya gama zai faɗi ta farko mu ba shi abokiyarta. Ya fara: akuya da tukunya, liman da kabewa, allura da raƙumi, har wajen ashirin. Ni kuwa abin nema ya samu. Akuya ta sa tukunya a ka tana karo da bango. Liman, yana zaune a wurin fa, na ɗora shi a kan kabewa tana gangarawa da shi. Ko ɗaya ban faɗi ba, Baba Tanko ya faɗi uku. Na fara hura hanci.

Sai malamin ya juya takarda. Ya ce: niyya da adalci, haƙuri da dalili, rabo da shakka. Na lalubi niyya in ga ƙafarta, babu. Adalci ba shi da kai balle in sa masa hula. Na tsaya baki buɗe kamar an kai ɗan ƙauye birni. Baba Tanko kuwa yana gyaɗa kai yana ƙulla musu zance a hankali, "Niyya in ta gyaru, adalci ya samu wurin zama," ya kawo su kusan duka. Ya dube ni ya ce, "Abin da ba shi da jiki, da baki ake kama shi, mai hoto." Gaskiyarsa. Shi ya sa saƙon baki, irin su "ka ce ta ƙara haƙuri," har na bar sana'ar da dabararsa nake ɗaukarsu. Kowace hanya da kayan da take ɗauka.

To, sai shekarun fari suka zo. Ku ba ku gan su ba, kada Allah Ya nuna muku. Shekara ta farko aka girbe abin da bai kai tsakiyar rani ba. Ta biyu, ruwa ya yi yayyafi aka yi shuka, ta fito kamar gashin jariri ta ƙone. Aka sake, ta sake ƙonewa. Iri ya ƙare a gari. Mazan da ya kamata su dawo noma suka zauna a Kano, don in sun dawo ba abin da za su tarar sai bakuna. Mata suna tafasa ganyen tafasa da dusa. Kayana ma suka canja. Ba ɗankwali, ba kwalli, ba ƙwan fitila. Kowa hatsi yake aikowa, ɗan kwano ɗaya, ɗan rabin kwano, a ƙulle a tsumma. Ƙulli talatin duk fuska ɗaya. Nan aikin ya zama aiki, don sai na bi kowanne na nemo abin da ya bambanta shi.

Wata Juma'a a zauren Fagge, bayan an gama miƙo mini na kowa, mutum biyu suka rage. Ɗaya Sule, ƙanin matata, uban Nuran nan mai leda biyu. Ɗaya Audu Dogo mai dako. Tabarmarsu ɗaya, saboda haka buhun gishiri guda suka raba biyu kowa ya ƙulla nasa. Girma ɗaya, nauyi ɗaya. Na Sule an ɗaure da igiyar rama, na Audu da tsumma.

Sule ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya Mati, wannan ba na ci ba ne. Irin Baba ne."

Na san zancen. Surukina, wanda har yau ba zan rubuta sunansa ba, ku dai ce Malam na Bakin Rijiya, yana da wani gero da ya gada tun daga kakansa. Gajere ne, ba shi da kyan gani, amma yana riga kowane gero nuna, ruwa kaɗan ya ishe shi. A tulu yake ajiye irin, a cakuɗe da toka, a liƙe baki da laka. Shuka biyun nan da suka ƙone sun cinye shi tas. Ashe shekarun baya ya taɓa ɗiba wa wani amininsa a wani ƙauye gabas da Kano. Sule ya ajiye garwar ruwansa, ya taka da ƙafa har can, ya samo kwano guda, shi ne ƙarshen abin da mutumin yake da shi. In wannan ya salwanta, geron ya ƙare a duniya.

Audu kuma ya ce, "Nawa na Kande ne. Ka ce ta dama wa yara."

Nan na yi abin da ban taɓa yi ba. Mutum biyun nan ban yi musu hoto ba.

Surukina dai kun san dalili. Mutumin da in na hango shi a hanya nake sauka daga keke in ratse cikin gona. In gaisuwa ta kama, daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Shekara bakwai ina auren 'yarsa, na fi sanin yatsun ƙafarsa da fuskarsa. Ta yaya zan ɗaure shi da igiyar rama in rataye shi a reshe? Ko a cikin kai, kunya ba ta bari. Da can in saƙonsa ya zo ba na shan wahala, don nasa daban yake, carbi ne ko turare, kowa ya gani ya san mai shi. Kande kuwa, matar Audu, a baya na sha sa ta a bakin tulu da cikin kwando. Amma sati biyu kafin nan ta binne ƙaramin ɗanta. Na nemi abin dariya a kanta, ban samu ba. Zancen Baba Tanko ma da tsokana yake tafiya, shi ma bai ƙullu ba.

Da ina da hankali, da na tsinke kara na soka a ƙullin Sule, shi ke nan. Amma ni ne Mati mai ƙulli arba'in, wanda ya kayar da malamin boko. A gan ni ina sa alama? Na ce guda biyu ne kacal, bari in biya su da baki irin na farkon koyo.

Na hau keke ina cewa: igiya Baba, tsumma Kande, igiya Baba, tsumma Kande. Ƙafa na juya feda, baki na juya magana. Wajen rabin hanya tayar baya ta yi faci. Na sauke kaya, na liƙe, na yi famfo, na sake ɗauri, bakina bai tsaya ba. Ina cikin haka gabas ta haɗe, iska mai sanyi ta taso, aka saki ruwa irin wanda aka shekara biyu ba a gani ba. Mutane suka fito daga gidaje suna kabbara, tsofaffi suna tara hannu. Wani ya rungume ni ban san shi ba. Na rufe kayan da buhu na ci gaba, ina ta biyawa.

Ga abin da ban sani ba sai ran nan. Magana huɗu in kana juya su ba tsayawa, zobe suke zama, ba kai ba gindi. Igiya Baba tsumma Kande igiya Baba tsumma Kande. Ina shiga gari na ji bakina yana cewa: Baba tsumma, Kande igiya. Na tsaya. Na juya ta wancan gefen, ta zauna daidai. Na juyo ta wannan, ita ma ta zauna daidai. Na leƙa cikin kaina in ga hoto. Mutum ashirin da takwas suna nan, kowa yana abin kunyarsa. Wurin mutum biyu kuwa fili ne fetal.

In kwance in duba? Doka ta hana. In ce "ina jin"? Doka ta hana. Gaskiya dai ba doka ba ce, girman kai ne. Gidan Audu ne farko a hanya. Na yi sallama, Kande ta miƙo hannu ta saman danga, na ɗora mata mai igiyar rama, na ce, "In ji Audu, ki dama wa yara." Da ƙarfi ma na faɗa.

Na gama zagaye, gidan surukina ne ƙarshe. Yana zaune a zaure, ya fito da sungumi yana gyara masa ƙota, don gobe da sassafe kowa gona zai nufa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na tura ƙullin gabansa. Ina kallon ƙafarsa na ji yana kwance tsumman. Sai na ji ya ɗauki ƙwaya ya gatsa.

Ya ce, "Sule ya ce maka iri ne?"

"Haka ya ce, Baba."

"Wannan na tuwo ne. Babu toka, kuma ba geronmu ba ne."

Ban san na bar takalmina a nan ba sai washegari. Keken ma a ƙofar na yar da shi, don laka ta riƙe taya. Da ƙafa na yanka ta cikin gonaki. Tun ban kai ba na jiyo abin da nake tsoro: taɓarya. A shekarar nan in ka ji daka a gida, har maƙwabta sai sun fito saurare. Ni kuwa kowane bugu a ƙirjina yake sauka.

Ban taɓa leƙa dangar wani ba sai ran nan. Na ce, "Kande! Tsaya! Don girman Allah tsaya!"

Ta tsaya da taɓarya a sama. Yara uku suna zaune kewaye da turmin, ko motsi ba sa yi. Geron yana ciki, an wanke shi, an surfa, dusa ta fita. Abin da aka surfa kuwa ba ya tsiro.

Na ce, "Iri ne. Irin Malam na Bakin Rijiya ne. Ni na yi kuskure."

Ta ce, "Na ga tokar."

"Kin gani kika zuba a turmi?"

"Ka ce in dama wa yara. Su ba su san toka ba, Mati. Tun jiya da safe ba abin da ya shiga bakinsu."

Na dafa dangar. Ta jingine taɓaryar, ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan ƙoƙon shan ruwa a rufe da faifai. Ta ɗaga faifan. Gero ne da tokarsa, bai ma cika ƙoƙon ba.

Ta ce, "Innata ta ce ko wuta ake ci a gida, ba a daka iri duka. Na ɗebe wannan tun kafin in wanke. Na ce in da mai shi, zai biyo sawu."

Ina miƙa hannu sai na ji gyaran murya a bayana. Surukina ne, ya biyo ni cikin laka da tsufansa, ƙullin Audu a hannunsa. Na zube a wurin. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya miƙa wa Kande ƙullin ta saman danga, ya ce, "Ga na mijinki. Na turmin ma ki ƙarasa, rabon yaran ne." Ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu, ya daɗe yana kallon ciki. Ya ce, "Allah Ya yi wa innarki rahama."

Sannan ya juyo kaina. Ya ce, "Kai, mai keke. An ce kowa a garin nan kana da inda kake ajiye shi. Mai unguwa a rijiya, liman a kan kabewa. Ni a ina ka ajiye ni?"

Na ce, "Baba, ai ban isa ba."

"Ba ka ajiye ni ko'ina ba ke nan."

"Kunya ce, Baba."

Ya ce, "Kunyarka ta kusa cinye geron kakana. Daga yau na yafe. Ka sa ni inda ka ga dama. In turmin nan ne zai riƙe maka ni, ka sa ni a ciki."

Kande ta toshe baki da gefen zane. Rabon da a ji dariyarta tun kafin rasuwar yaron.

Bai kai ƙoƙon gona ba. A bayan gida ya shuka shi, kusa da rijiya, ƙwaya uku uku, yana ƙirga rami da yatsa. Ruwa ya sake ɗaukewa a tsakiya, ya dinga ja da guga yana bi layi layi. Da ya fitar da kai, a nan yake wuni da gwangwani yana korar tsuntsu. Ko zangarniya ɗaya ba a ci ba a shekarar. Duka ya mayar tulu. Da damina ta zagayo ya rarraba wa gari, kuma gidan Audu ya fara aika wa, ni na kai, a ƙoƙon nan dai. Shi ne gajeren geron da kuke shukawa yanzu kuna ce masa ragowar Kande, ba ku san dalili ba. Furar da Nura ya sha shekaranjiya da safe kafin ya je ya rikita leda biyu, daga ƙoƙon nan ta fito.

Ni kuwa tun ran nan nake yawo da tsinken kara a aljihu, in abu ya yi kama da ɗan'uwansa in soka masa. Sana'ar ta mutu a hankali. Motoci suka yawaita, yara suka iya rubutu, daga baya waya ta zo ta binne ta. Ni ma da na koyi rubutun nan kaina ya yi lalaci, yanzu ko goro aka aike ni sai na dawo tambaya. Keken yana rataye a zaure, kaji suna kwana a kan kariyar da Bawa ya ƙera. Duk mutanen da na cusa a tulu da kwando sun riga ni tafiya, amma in na rufe ido suna nan inda na bar su, Ladidi har yau zagina take.

Shekara goma sha ɗaya na ƙara ina kai wa surukina saƙo, ban sake kuskure ba ko sau ɗaya. Ban fasa tuɓe takalmi ba, ban fasa durƙuso ba, idona a kan yatsun ƙafarsa. Sai dai sunkuyon ya ƙaru, don a cikin kaina yana zaune tsamo-tsamo a turmi, gwiwoyinsa a haɓa, hularsa a karkace, ya rungume ƙullinsa, Kande na tsaye a kansa da taɓarya.

In ya karɓi kayan ya duba ya ga nasa ne, sai ya yi gyaran murya.

"Mai keke."

"Na'am, Baba."

"Yau ma ina ciki?"

"Kana ciki, Baba."

"To, madalla. Ka ce wa Kande ta daka a hankali."